Yadda Ake Komawa Tafiyar Ƙafa da Hawan Keke Zuwa Wurin Aiki a Birnin Kano

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa a Kano suka koma tafiya a sayyada, ba don suna so ba. Na lura da abin da yawancinsu ke yi. Mutum zai fito daga gida ya bi ainihin titin da ɗan adaidaita ke bi da shi, ga hayaƙi, ga rana, ga hon ta ko'ina, ya isa wurin aiki jiƙe sharkaf da gumi, ya rantse ba zai ƙara ba. Ƙafarsa ba ta gaza ba, hanyar ce ba tata ba. Hanyar mota daban, hanyar ƙafa daban, kuma duk wannan bayani a kan gano ta biyun yake.

Mataki na farko: auna unguwarka da agogo

Kada ka fara da tambayar kilomita nawa ne. Tambayi kanka minti nawa ne. Lafiyayyen baligi yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya idan yana tafiya da ɗan kuzari, wato kilomita ɗaya cikin minti 12, mita 400 cikin minti 5. A kan keke kuwa, cikin gari, kilomita 12 zuwa 15 a awa abu ne mai sauƙi.

Ranar Asabar ko Lahadi da safe, ka fita daga ƙofar gidanka, ka duba agogo, ka miƙe gabas na minti 15, ka tsaya ka ga inda ka kai. Ka dawo. Washegari ka yi yamma, haka kudu da arewa. Idan ka gama, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya faɗo cikin wannan da'irar: masallacin Juma'a, makarantar yara, kemis, mai kayan miya, mai cajin waya, tashar da ake hawa adaidaita. Za ka yi mamakin yawan wuraren da kake biyan kuɗin mota zuwa gare su alhali ba su kai minti goma ba.

Wani malamin jami'a a Faransa, Carlos Moreno, ya fito da wannan tunani a 2016 da sunan birnin minti 15, kuma magajiyar garin Faris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2020. Duk lokacin da na ji ana yaba abin sai in tuna cikin Badala. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma unguwannin da ke kewaye da ita an gina su ne don mai ƙafa da mai jaki. Mutumin Yakasai ko Mandawari ko Koki bai taɓa buƙatar wani ya koya masa cewa kasuwa da masallaci da makarantar allo su kasance kusa da gida ba. Waɗanda abin ya fi yi wa wuya su ne mazauna sababbin unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Hotoro da Na'ibawa, inda gari ya miƙe ya bi manyan tituna.

Yanzu auna nisan wurin aikinka. Google Maps na da alamar ɗan mutum mai tafiya, danna ta maimakon alamar mota. Idan abin da ya fito bai wuce minti 30 ba, ƙafa za ta iya. Daga minti 30 zuwa awa ɗaya da rabi, wannan aikin keke ne. Abin da ya haura haka, sai rabi da rabi, zan zo kansa.

Mataki na biyu: nemo hanyar ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Taswirar waya ba ta san lungunan Kano sosai ba. Wani lungun da ta nuna a buɗe, idan ka je za ka tarar an gina shago a bakinsa. Wani kuma da ba ta nuna ba sam, shi ne wanda zai rage maka minti goma. Waɗanda suka san hanyar ƙafa su ne 'yan ga-ruwa, da masu tura baro, da almajirai, da 'yan makarantar Islamiyya, da tsofaffin da ke zuwa masallacin asuba. Ka tsaya wurin mai shayi ko mai faci ka yi sallama ka ce, "Malam, don Allah in mutum zai fita bakin titi kaza a ƙasa, ina ne yanke?" Ba za ka rasa wanda zai kwatanta maka ba, wani ma ya haɗa ka da yaro ya raka ka.

Ka fitar da hanyoyi biyu ko uku, ka bi kowacce a ranar da ba ka sauri. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne wannan. Da farko inuwa: akwai bishiyoyi ko dogayen katangu? Sannan ƙasa: kwalta ce, ko bulo mai shiga juna, ko yashi, ko jar ƙasar da za ta zama taɓo a watan Agusta? Sai kwata: a rufe take ko a buɗe, kuma akwai wurin da murfinta ya karye? Sai mutane: akwai shaguna a buɗe da dattawa a zaune a ƙofar gida da yara na wasa, ko kuwa dogon layi ne na katangu masu waya a sama babu kowa? Layin da ke da idon jama'a ya fi aminci nesa ba kusa ba, ko da ya fi ƙura. Na ƙarshe, ƙirga sau nawa za ka tsallaka babban titi. Hanyar da ta fi tsawo da minti biyar amma tsallake ɗaya ne a cikinta ta fi gajeriyar da ke da tsallake uku. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Akwai wata dabarar inuwa da ba kowa ke lura da ita ba. Da safe rana na gabas, don haka a layin da ya miƙe kudu da arewa, inuwar gidaje tana gefen gabas, wato ɓangaren alƙibla. Da yamma sai ta koma gefen yamma. Layin da ya miƙe gabas da yamma kuwa kusan ba shi da inuwa safe da yamma, rana ce a fuskarka ko a ƙeyarka. Idan kana da zaɓi, ka yawaita bin layukan kudu da arewa. Wannan a cikin unguwa ke nan, inda ababen hawa ba sa gudu. A babban titi dokar tsira ce gaba da inuwa.

Kuma ka sani hanyar safe ba lallai ta zama hanyar yamma ba. Lungun da ke cike da 'yan makaranta ƙarfe bakwai na safe yana iya zama wayam bayan magariba. Ka bi hanyar da ka zaɓa sau ɗaya a daidai lokacin da za ka riƙa dawowa kafin ka amince da ita. Idan bikin aure ko zaman makoki ya toshe layi da rumfa, abin da ke faruwa kullum a cikin gari, ka riga ka san ta biyu.

Mataki na uku: tsallaka titi da tafiya a gefensa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, sai don ka ɗauki wannan sashe da gaske.

A Najeriya tun 1972 ababen hawa ke bin hannun dama. Saboda haka inda babu wurin tafiyar masu ƙafa, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka ga abin da ke nufo ka. Idan za ka tsallaka, motar da ta fi kusa da kai daga hagu za ta ɓullo, don haka hagu za ka fara dubawa, sannan dama, sannan hagu kuma. Amma kada ka yarda da titi don an ce hannu ɗaya ne. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 adaidaita sahu ta cika gari, kuma kowa ya san ɗan adaidaita ko mai babur na iya fitowa ta hannun da ba nasa ba.

Kada ka tsallaka daga gaban motar da ta tsaya sauke fasinja, domin wanda ke ƙoƙarin wuce ta ba ya ganin ka. Kada ka tsallaka a bakin gadar sama ko mafitar gadar ƙasa, irin na Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi, saboda nan ne direba ke sakin mota bayan ya fita daga cunkoso. Ka ƙara gaba zuwa inda danja take ko inda jami'an hanya ke tsayar da motoci, ka tsallaka tare da jama'a. A shataletale kada ka ratsa ta tsakiya, ka tsallaka kowane reshe shi kaɗai, ɗan nesa da bakinsa. Inda akwai gadar masu ƙafa, hau ta, ko da gwiwa na ƙorafi.

Waya kuma ta zauna a aljihun ciki. Ƙwacen waya ba baƙon labari ba ne a Kano, kuma abin sauraro a kunne yana hana ka jin hon. Idan kira ya zama dole, ka raɓa jikin shago ka amsa.

Mataki na huɗu: lokaci, da abin da za ka sa

Shekarar mai tafiya a ƙasa kashi uku ce. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na kai maki 40 da rana, don haka tafiyar safe kawai za ka yi, ka fita kafin bakwai. Dawowa in rana ba ta yi sanyi ba ka hau abin hawa, babu abin kunya a ciki. Ka riƙe gorar ruwa, ka sha kafin ƙishi ya kama ka. Idan ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, nemi inuwa ka zauna nan take. A damina ka duba gabas kafin ka fita, ka sa laima da leda a jaka, kuma kada ka taɓa taka ruwan da ya rufe hanya ba ka ganin ƙasansa, domin buɗaɗɗiyar kwata a ƙarƙashinsa take ɓuya. Hunturu shi ne lokacin da ya fi daɗin tafiya, kuma shi nake ba wa sabon shiga shawarar ya fara da shi, sai dai ƙura. Takunkumin fuska, da man kaɗanya a dunduniya saboda faso, sun wadatar. Mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu. Da azumi kuwa ka rage, ka bar ta safe kaɗai ko ka ajiye gaba ɗaya sai bayan salla.

Takalmi shi ne kayan aikin. Silifas da takalmin fata mai tauri duk ba su dace ba. Sami kambas mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne, da safa ta auduga, ka ajiye takalmin ofis a ƙarƙashin teburinka. Batun gumi da ke hana ma'aikata da yawa, maganinsa sauƙi gare shi: ka tafi da riga mara nauyi, ka naɗe kaftanin da aka goge a jakar goyo, ka isa da minti 15 a hannu, ka wanke fuska da hannuwa kamar mai alwala, ka huce, sannan ka canja. Jakar goyo ta fi ta rataye, don ba ta karkatar da kafaɗa.

Ke kuma 'yar'uwa, hijabi mai haske mara kauri ya fi baƙi a rana, amma ki kula da tsawonsa kada ya riƙa jan ƙasa ko ya maƙale a jikin abin hawa. Ki zaɓi layin da mata ke bi, kuma in da hali ki sami abokiyar tafiya, maƙwabciya ko abokiyar aiki. Tafiyar mutum biyu ta fi gajarta, ta kuma rage surutun 'yan zaman kashe wando.

Mataki na biyar: fara da kaɗan

Makon farko kwana biyu kawai, zuwa kaɗai. Mako na biyu kwana uku. Sai a mako na huɗu za ka gwada zuwa da dawowa. Ciwon sha-raɓa da cinya a kwanakin farko ba komai ba ne, zai wuce. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi kuwa na asibiti ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare saboda ƙaramin rauni da ba ya ji.

Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya hira amma numfashinka ya ɗan ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsa jiki a mako. Minti 20 da safe da 20 da yamma, kwana biyar, ya ba ka 200 ba tare da ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba.

Ga mai nisa, rabi da rabi: a ce hawa biyu kake yi kafin ka isa Kantin Kwari ko Sakatariyar Audu Bako. Duba wanne ne gajere a cikinsu, ka mayar da shi na ƙafa. Sau da yawa gajeren shi ne na cikin cunkoso, inda mai ƙafa ke wuce mai mota. Kuɗin wannan hawan ka riƙa jefa shi a asusu kullum. Bayan 'yan watanni ka fasa, ka ga ko bai kama hanyar kuɗin keke ba.

Mataki na shida: idan keke ne

Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse, kuma iyayenmu a kan Raleigh da Phoenix suka yi aikin gwamnati da kasuwanci ba wanda ya raina su. Keke mara giya ya isa. Wajen saye, ka je da wanda ya san keke. Ka tsaya a kansa ka ga ƙarfen tsakiya bai taɓa ka ba, ka ɗaga sirdi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa. Ka matsa birki na gaba da na baya, ka juya kowace taya ka ga ba ta rawa. Ka sa ƙararrawa, da fitila fara a gaba da ja a baya, da kariya ta ɗora jaka, ka sayi kwaɗo da sarƙa mai kauri, da hular kwano. Kowace safiya ka matsa taya da yatsa, kowane mako ka ɗiga wa sarƙa mai, ka kuma san inda masu faci suke a kan hanyarka.

Mai keke, saɓanin mai ƙafa, hannun dama yake bi tare da motoci. Babban haɗarinsa adaidaitar da ke gabansa, wadda za ta yanko gefe ta tsaya cak da zarar fasinja ya ɗaga hannu. Ka bar tazara, yatsunka a kan birki. Ka nisanci motar da ke fake da kamar tsawon hannu saboda ƙofa. Tifa da tirela kuwa kada ka taɓa shiga tsakaninsu da gefen titi, musamman kusa da kwana, direban ba ya ganin ka. Ka ɗaure bakin wando, babbar riga kuma a naɗe ta a kariya. Kafin ranar farko ka tambayi maigadin wurin aikinku inda za ka ɗaure keken, a ciki, ba a bakin titi ba.

Mataki na bakwai: gyaran layinku

Bayan wata guda kana tafiya za ka san kowane rami da kowace karyayyar kwalbati a unguwarku fiye da kansilanku. Kada sanin ya tsaya a cikinka. Sami mutum huɗu ko biyar, a cikinsu a sa dattijo da mace da malamin makaranta, in da hali da mai keken guragu, don shi ke ganin abin da ku ba ku gani. Ku je wurin mai unguwa ku ce, "Ranka ya daɗe, so muke ka ba mu rana mu zaga da kai." Ku bi hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ku ɗauki hoto, ku rubuta.

Sai ku raba abin da kuka gani gida biyu. Akwai wanda ku da kanku za ku iya: yashe kwata ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, karo-karon siminti da rodi a zuba murfin kwata inda ya karye, kowane gida ya sa ƙwan fitila mai aiki da hasken rana a ƙofarsa, a roƙi mai shago ya ja teburinsa baya da taku biyu, mai gini ya kwashe yashinsa daga hanya. Irin wannan magana ta fi shiga idan ta fito daga bakin liman, kuma hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne kowa ya san shi. Akwai kuma wanda sai hukuma: tudun rage gudu a gaban makaranta, zanen tsallaka titi, fitilun kan titi, kwashe bola. Kada ku gina tudun da kanku cikin dare, wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba kayar da masu babur yake yi. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, ku haɗa da hotuna, ku kai wa kansila da ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Buƙata ɗaya tak a kowace takarda, da sunan layi da daidai wurin. Bayan mako uku ku koma ku tambaya.

Bishiya kuwa a watan Yuli ake dasa ta, lokacin da ruwa ya zauna. Darbejiya ta fi jure wahala, amma a ja ta nesa da katanga da kwata saboda saiwarta. A kewaye ta da bulo ko tsohon kwando saboda awaki, kuma tun ranar dashe a faɗi sunan gidan da zai riƙa ba ta ruwan alwala da na wanke-wanke daga Nuwamba har saukar damina ta gaba.